Kawu, an mayar mini da kuɗina saboda jirgi ya makara

Kawu, barka da war haka. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da yara da duk mutanen gidan, Allah Ya ƙara sauƙin gwiwar nan taka. An isar mini da tambayarka, wai da gaske ne a nan bas takan tashi ko da mutum biyu ne a ciki. Da gaske ne, Kawu, ko ba kowa ma takan tashi in lokacinta ya yi. Sai dai akwai abin da ya same ni wanda ya fi wannan ɗaure mini kai, kuma tun da ya faru nake juya shi a raina. Na ga gara in rubuta maka shi a nan inda sauran 'yan Garwa za su karanta, tunda kai ka ƙare ƙuruciyarka riƙe da sitiyari tsakanin Garwa da Ngawundere, babu wanda zai fi ka gane inda maganar ta dosa.

Ka san ba a cikin Paris nake kwana ba. Haya a can ta fi ƙarfin irinmu, a bayan gari nake, wurin aikina kuma wani babban sito ne da muke fara lodi da ƙarfe 6 na safe. Jirgin ƙasa nake hawa. To akwai shekarar da jirgin layinmu ya sa mu a gaba da makara, ga shi lokacin sanyi. Ka fito tun duhun asuba, ka tsaya a bakin layi iska na yankan kunnuwa, allon tashar ya nuna saura minti 4. Ka sunkuya ka gyara igiyar takalmi, ka ɗago ka ga ya koma 12. Can sai jirgin ya ɓace daga allon gaba ɗaya, wata murya ta fito daga lasifika tana ba da haƙuri. Wanda ya biyo baya ya iso cike maƙil, mutane sun manne da gilashin ƙofa, ko ka tura kafaɗa ka shiga ko a bar ka nan. Shi kuwa mai kula da mu a wurin aiki ba ruwansa da labarin jirgi, agogo kawai yake kallo. Na yi abin da muka tashi muka tarar ana yi a gida, na ce sai haƙuri, hanya ta gaji haka.

Bayan shekarar ta fita, wata rana muna hutun cin abinci, wani dattijo ɗan Maradi da muke aiki tare ya ce da ni, "Ɗan Kamaru, ka nemi kuɗinka kuwa?" Na ce wane kuɗi, Malam? Ya ce kuɗin makara mana. Ya cire safar hannunsa ya karɓi wayata, yana latsawa da yatsa ɗaya, tabarau a kan karan hanci. Ya ce in karanto masa lambar da ke jikin katina na Navigo, wato katin da nake biya duk wata in hau jirgi da bas. Ya sa na ɗauki hoton takardar hayar ɗakina don a tabbatar a kan layin nake zaune. Ko shayin da na zuba bai huce ba muka gama. Bayan 'yan makonni saƙo ya shigo daga banki, an zuba mini kuɗin rabin wata, yuro 42 da 'yan kai, wajen sefa 27,500 ke nan.

A nan kuɗin ba su taka kara sun karya ba, cefanen kwana kaɗan ne. Amma Kawu, ban san kowa a ofishin nan ba. Ban kai ƙara ba, ban ba kowa na goro ba, ban bi ta hannun wani babba ba. Ashe akwai mutanen da aikinsu ke nan, suna ƙirga duk asubar da na tsaya cikin sanyin nan, suka rubuta ta a matsayin bashi, kuma suka biya. Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Kai nake ta tunawa, da dararen da ka kwana a ƙarƙashin mota a gangaren Mbe, fasinjojinka zube a bakin titi, kuma babu wanda ya taɓa rubuta ko dare ɗaya a cikinsu.

Na yi ta bin diddigi har na gane su waye. Sunan hukumar Île-de-France Mobilités, kafin 2017 ana ce mata STIF. Ita ke riƙe da sufurin yankin Paris duka, birnin da gundumomi 7 da ke kewaye da shi, mutum wajen miliyan 12. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ba ta da direba ko ɗaya. Masu tuƙi daban suke: RATP, kamfanin sufurin birnin Paris, da SNCF, kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, da kamfanonin bas masu zaman kansu. Aikin hukumar shi ne ta yanke inda layi zai bi da inda za a tsaya, jirgi nawa zai wuce a awa, ƙarfe nawa na farko zai tashi da na ƙarshe, da nawa mutum zai biya. Ita ke biyan kuɗin sababbin jirage da motoci. Sannan ta ɗaure kamfanonin da yarjejeniya a rubuce, wanda ya cika alkawari a ƙara masa, wanda ya saɓa a yanke masa. A ma'auninsu, fasinjan da ya isa inda za shi da jinkirin minti 5 ya makara. Minti 5, Kawu! In aka samu wata 3 a shekara da waɗanda suka isa kan lokaci ba su kai 80 cikin 100 ba a wani reshen layi, masu katin wata na wannan reshen sun cancanci a mayar musu da wani abu. Ta nan nawa suka fito.

Kuɗin tafiyar da wannan abu ba daga aljihun fasinja kaɗai suke fitowa ba. Tun 1971 akwai harajin sufuri a kan masu ɗaukar ma'aikata a yankin Paris. Yau duk mai ma'aikata 11 ko fiye sai ya biya gwargwadon albashin da yake bayarwa, kuma harajin nan ne ke ɗauke da kusan rabin nauyin. Hujjar ita ce jirgin nan shi ke kawo maka ma'aikatanka bakin ƙofa kowace safiya, don haka kai ma ka sa hannu. Bayan wannan doka ta tilasta wa kamfanin da nake wa aiki ya mayar mini da rabin kuɗin katina duk wata. Abin da ya rage majalisar yankin da birnin Paris da gundumomin su cika. Su ne kuma ke zaune a kujerun hukumar, shugabar majalisar yankin, Valérie Pécresse, ita ke jagorantarta tun ƙarshen 2015. Zaɓenta aka yi. In kuɗin kati ya tashi, sunanta ake kira a rediyo, ita ake yi wa ƙorafi, kuma ta san ranar zaɓe za a tuna mata.

Yanzu mu dawo tasharmu. Ba sai na ba ka labarin "saura mutum ɗaya" ba, kai ka san su waye ake zaunarwa a kujeru don mota ta yi kamar ta cika. Zuwana gida na ƙarshe, jirgi ya sauke mu a Ngawundere da safe, na yanki tikiti a wata ajans, aka rubuta mini ƙarfe 9 a jiki da biro. A nan muka yi azahar. Kusa da ni wata mata ce da yaro mai zazzaɓi a cinya, tana jiƙa gefen ɗankwalinta da ruwan leda tana shafa masa a goshi, Garwa za ta kai shi asibiti wurin danginta. Da na je na tambayi mai yankan tikiti, ko kallona bai yi ba, ya ce in ina sauri in hau jirgin sama. Mutanen wurin suka yi dariya, ni aka gani a matsayin wanda ya kwaso iyayi daga Turai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar da kanta ta ce mini, "Bari kawai, ɗan uwa, Allah dai Ya kai mu lafiya." Na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa. Amma addu'ar isa lafiya ba ta hana a tambayi wanda ya rubuta ƙarfe 9 dalilin da ya sa ya rubuta. Ni da ƙarfina an biya ni saboda minti 5, ita da yaro a cinya ta yi asarar rabin yini, ko sannu ba a ce mata ba.

Ka ƙirga mini hannuwan da ake miƙo wa direba daga Ngawundere zuwa Garwa. Sefa 500 a kowane shingen peyaji, da takardarsa. Kuɗin tasha, kuɗin ƙungiya, kuɗin magajin gari. Da waɗanda ba su da takarda, waɗanda ka fi ni saninsu. Masu karɓa ba sa ƙarewa. To a cikinsu duka, wane ne za ka tsaya a gabansa ka ce ramin da ke wuri kaza ya karya mini sifirin, ko motar ƙarfe 9 ta tashi ƙarfe 2, ya buɗe littafi ya rubuta? Titi yana hannun wannan ma'aikatar, takardun mota suna hannun waccan, tasha da 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, suna hannun magajin gari, layin lodi yana hannun ƙungiya. Kowa ya riƙe gaɓa ɗaya, babu mai riƙe da tafiyar mutum tun daga ƙofar gidansa har inda za shi. Wannan gurbin ne hukumar nan ta cike a nan.

Kada ka ɗauka labarin aljanna nake ba ka. Katin nan da nake yabo, 'yan shekarun nan duk watan Janairu sai ya tashi. Yuro 75.20 ne a 2022, ya koma 84.10 a 2023, 86.40 a 2024, 88.80 a 2025, wato ya haura sefa 58,000 a wata, albashinmu kuwa bai bi shi da wannan gudun ba. Lokacin wasannin Olamfik na 2024 har yuro 4 aka mayar da tikitin shiga ɗaya. Ga yajin aiki. Na Disambar 2019 ya tsayar da yawancin layuka na makonni, mutane suna takawa a ƙasa cikin sanyi don kada su rasa aiki. A watannin Yuli da Agusta kuma, lokacin hutunsu, sai a rufe layi don gyara, a ce ka hau bas ɗin da aka tanada a madadinsa, ita kuma ta yi ta yawo da kai unguwa-unguwa, tafiyar minti 20 ta koma awa guda. Gaskiya ne suna sanarwa tun da wuri, a manna takarda ko'ina. Sanarwar ba ta rage wa ƙafa gajiya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka shimfiɗa layukan tun asali. Kusan dukkansu tsakiyar Paris suka nufa, kamar hanyoyin ƙauye da kasuwar Pitowa ranar Lahadi. In zan je gaida abokina da ke wani garin bayan gari kusa da namu, sau da yawa sai na shiga cikin birni, na sake jirgi, sannan na fito ta wani gefen. Kuma unguwannin da aka fi mantawa da su na irinmu ne, baƙi da talakawa. Clichy-sous-Bois, inda tarzomar 2005 ta faro, wajen kilomita 15 ne daga Paris, amma sai a ƙarshen 2019 layin dogo ya shiga garin, shi ma taram ne mai bin kan titi. Nan ma wanda ya fi murya shi ake fara ji.

Ga kuma shirun. Mutum ɗari a tarago ɗaya, ba mai ce maka ina kwana, ka yi sallama a bi ka da kallo. Masu duba tikiti su tare bakin matakala, ba ruwansu da tsufanka ko da cewa jiya da dare katinka ya ƙare. Na ga an rubuta wa wata dattijuwa 'yar Mali tara, tana rantsuwa tana share hawaye da mayafi, babu wanda ya sa baki. A Garwa da tuni mutum goma sun taru sun ba da haƙuri, wani ma ya zaro kuɗin ya biya mata. Akwai safiyar da nake tsaye a tashar nan sai in ji ba abin da nake so irin in ɗaga hannu a Yelwa ɗan kilando ya tsaya, ya ce "Gidan Hajiya ko?" tun ban buɗe baki ba, in ce masa ba ni da canji ya ce in bari sai gobe. Wallahi har warin zuwa-zuwa, fetur ɗin nan da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi ina kewarsa. Ina kewar tsayawar da kake yi a Mbe a yi salla a sha shayi, kafin a kai Ngong kowa a motar ya san sunan kowa da abin da ya fito da shi. Wannan babu hukumar da za ta iya tsara shi, kuma ba na so mu rabu da shi. Sai dai ban ga dalilin da zai sa a ce sai mun zaɓi ɗaya tsakanin mutunta juna da tashi kan lokaci ba.

Ɗaya aikin hukumar, wanda a ganina ya fi na mayar da kuɗi girma, shi ne hangen gaba. Tun 1996 dokar Faransa ta wajabta wa duk birnin da ya haura mutum 100,000 ya rubuta tsarin zirga-zirgarsa: ina mutane ke kwana, ina suke aiki, ina makarantu da asibitoci, ta ina motocin kaya za su bi, ina mai keke da mai tafiya a ƙasa za su samu wuri. Har tambayar mutane ake yi a gidajensu kan tafiye-tafiyen da suka yi jiya, a tattara a duba. Matsalar nan ta shiga birni kafin ka fita sun gan ta, a 2010 aka yi dokar gina sabon jirgin da zai zagaye Paris, Grand Paris Express, kilomita wajen 200 da tashoshi 68, jirage marasa direba. Wata hukumar gwamnati ce daban ke haƙa ramin, tamu kuma ta zaɓi waɗanda za su tafiyar da jiragen. Aikin ya makara da shekaru, kuɗinsa ya ƙaru sosai, ana ta ƙorafi. Amma a Yunin 2024 layi na 14 ya isa filin jirgin Orly ta kudu da Saint-Denis ta arewa, na hau shi da kaina. Daga Sarkozy zuwa Hollande zuwa Macron shugabanni sun sauya, aikin bai tsaya ba.

Na taɓa zuwa taron jin ra'ayi a garin da nake, lokacin da za a sake fasalin layukan bas. A zauren wata makarantar firamare aka yi da daddare, an kafa taswira a bango. Wata tsohuwa ta miƙe da sandarta, ta je har gaban taswirar ta ɗora yatsa, ta ce in aka matsar da wurin tsayawar nan zuwa can sai ta hau tudu da kayan cefane, kuma a titinsu tsofaffi sun fi yawa. Wani matashi da kwamfuta a cinya yana rubuta duk abin da ta ce. Daga baya aka fitar da rahoto, kowane ƙorafi da amsarsa a ƙasa. Ba a ba ta duk abin da ta nema ba, amma an rubuta dalili, kuma an sa benci da rumfa a sabon wurin. Abin da na gani a zauren ya ba ni kunya a madadinmu. Unguwarmu cike take da 'yan Afirka, mu muka fi kowa hawan bas ɗin nan, amma da ƙyar za ka ga namu a wurin. Ko kuɗin makarar nan, na tambayi 'yan uwa da dama da ke kan layinmu, yawancinsu ba su nema ba, wasu tsoron cika takarda suke, wasu cewa suka yi ai ba za a bayar ba. Halin da muka saba da shi a gida mun taho da abinmu.

Dubi abin da muke da shi a arewa. Layin dogo ya iso Ngawundere a 1974 ya tsaya cak, yau shekara 50 da ɗoriya, maganar miƙa shi zuwa Njamena kuwa shekara da shekaru ake yin ta. Saboda haka kayan da aka sauke daga jirgi titi suke hawa, su da tankokin mai da motocin auduga da na shanu, su bi ta kan gadar Binuwai kafaɗa da kafaɗa da 'yan kilando da 'yan makaranta. Tashar jirgin ruwan da kakanninmu suka ga ana lodin auduga da gyaɗa a cikinta da damina ta zama labari. Gadar Palar ta Marwa ta karye a daminar 2020. Hanyar Mora zuwa Kuseri kuwa, 'yan uwanmu na Cadi sun fi mu iya ba da labarinta. Duk waɗannan abu ɗaya ne, tafiyar mutum da kayansa daga Adamawa har bakin Logon, kuma ya kamata a ce akwai zaure guda da ake baje su, a ce wannan kafin wancan, ga dalili. Mun kuma ga ana iyawa in an so. Da gasar kofin Afirka ta zo Garwa a farkon 2022, 'yan wasan Najeriya suka buga a filin wasa na Rumde Ajiya, ai ka ga yadda tituna suka samu kwalta da fitilu. An sa rana, an san idon duniya na kanmu, aka yi.

Kuma Kawu, zauren nan akwai shi yanzu, ko da a takarda ne. Dokar Disambar 2019 ta ba jihohi hannu a gyaran hanyoyinsu da shirya sufuri tsakanin garuruwa. Ranar 6 ga Disambar 2020 aka zaɓi majalisun jihohi karo na farko, kowace da mutum 90, 70 wakilan gundumomi, 20 na sarakuna. Wato a majalisar Jihar Arewa akwai masu zama da sunan Binuwai da Faro da Mayo Luti da Mayo Rai. Na san za ka ce kuɗin a Yawunde suke, kuma ba ka yi ƙarya ba. Ita ma ta Paris a hannun gwamnatin tsakiya take har wajen 2005 kafin a sakar wa yankin ragama. Amma mu, in mun samu ganin ɗan majalisa, me muke roƙonsa? Kuɗin suna, kujerar Makka, a sa ɗana a aiki. In maganar titi ta taso, kowa so yake a karkato da shi ta ƙofar gidansu ko ta garin ubangidansa. Da direbobi da 'yan kasuwa da matan da ke kai kaya Pitowa za su je da takarda ɗaya, su ce ga hanyoyi uku da suka fi kashe mu a fara da su, da wuya a kore su.

Sannan akwai namu na kanmu. Mu ne muke kafa rumfa a kan kwalbati, mu toshe lambatu da shara, damina ta zo ruwa ya cinye kwalta mu ce an yi aikin banza. Mu ne muke gina shago a filin da aka bari don faɗaɗa titi, in an zo rushewa mu tara dattawa a tafi roƙo. Mu ne muke ɗora wa mota abin da ya ninka ƙarfinta, titi ya dagargaje a ƙarƙashinta. Fasinjan da aka ce wa ƙarfe 9 ya zo ƙarfe 10 saboda ya san ba za a tashi ba, direba kuma ya ƙi tashi saboda ya san ba za a zo ba. Ka gafarce ni, Kawu, ba raini ba ne, a cikin wannan sana'ar ka ciyar da mu ka sa mu makaranta. Zafin abin ne ya sa nake faɗa.

Ga abin da nake roƙonka, tunda har yanzu ana jin maganarka a tasha. Ka sa a kafa allo a bakin ofishin ƙungiya, a riƙa rubuta lokacin da aka ce mota za ta tashi da lokacin da ta tashi, kullum, inda kowa zai gani. A ajiye littafi kuma, duk direban da ya dawo ya faɗi inda rami ya yi muni da inda gindin gada ya fara zaizayewa, a sa kwanan wata. In an yi damina ɗaya ana haka, ku dattawan tasha ku ɗauki littafin ku kai wa 'yan majalisar jiha da magajin gari, ku nemi amsa a rubuce. Kuɗin allo da fenti da littafi zan aiko ta hannun Yaya a ƙarshen wata, mu 'yan Garwa da ke nan kuma mun yi magana za mu ɗauki nauyin yaron da zai riƙa rubutawa. Ka faɗa mini wa ya kamata a fara shawo kansa a cikin shugabannin ƙungiyar, don in ba da yardarsu ba allon ba zai kwana biyu a tsaye ba.